Takardar da Ke Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Ranar da Anti ta dawo daga asibitin unguwa ba a yi mata allurar ba, ina tsakar gida ina wanke kayan makarantar yara. Anti matar yayana ce. Ni da Ummanmu a gidansu muke zaune tun bayan rasuwar Babanmu. Ta shigo da wata farar takarda a hannu, ta wuce ni ba ta ce komai ba. Ita da ba ta taɓa wuce ni ba sai ta tsokane ni, ta ce, "'Yar shiru, yau ma bakin yana hutu ne?"

Na tsame hannuna na bi ta ɗaki. Ta tura ƙofa, ta goge mini kumfar sabulu da gefen mayafinta, sannan ta kama yatsuna ta ɗora a gefen nononta na hagu, kusa da hamata.

"Danna nan. Me kika ji?"

Wani ƙullutu ne, girmansa bai wuce ƙwallon dabino ba. Yana da tauri, kuma ko na tura shi ba ya gocewa.

"Yana miki ciwo?" na tambaye ta.

"Ko kaɗan. Malamar asibitin ta ce rashin ciwon ne ma bai kwanta mata ba."

Duk bayan wata uku Anti tana zuwa a yi mata allurar tazarar haihuwa. 'Ya'yanta uku, duka mata, duka kuma da tiyata aka ciro su. A haihuwar Auta da ƙyar aka tsayar da jini, likitoci suka ce wani cikin zai iya tafiya da ita. Ni na san da allurar, Yaya ya sani. Umma ce kawai ba ta sani ba, domin kullum addu'arta Allah ya nuna mata jika namiji kafin ta rufe ido.

Anti ta zauna a bakin gado ta ce malamar ta ƙi yi mata ta wannan karon. Ta ce ba a yi wa mace allurar da ƙullutu a nono sai an san ko mene ne. Ta rubuta mata takardar zuwa babban asibiti a ɗauki hoto, a ciri ɗan abin a gwada. Ta kuma ce kafin nan akwai hanyar da ba ta da sinadarin da ke cikin allurar, ta zo da mijinta a yi musu bayani.

"To, sai ku je," na ce.

"Sai Dakta ya dawo," ta ce, ta yi murmushin da bai kai ido ba.

Dakta shi ne Yaya. Yanzu mai kula da sito ne a wani kamfanin kayan gini, amma kafin nan ya yi shekara shida yana tsare shagon sayar da magani. Tun daga lokacin sunan ya bi shi. Yana da wani gwangwanin biskit mai murfi a saman durowa, cike da ƙwayoyi da auduga da sirinji. Duk wanda ya yi zazzaɓi a layinmu wurinsa yake zuwa, shi kuma yana jin daɗin hakan fiye da yadda yake nunawa.

Da yamma ya dawo. Anti tana kan keke tana ɗinka labulen wata mata. Ɗinkin labule da zannuwan gado ne sana'arta. Keken yana a kusurwar falo inda siminti ya ɗan fashe, saboda haka ƙafarsa ɗaya ba ta taka ƙasa sosai, in tana ɗinki sai ka ji yana ƙwas, ƙwas. Ta tsayar da shi ta miƙa wa Yaya takardar. Ya karanta a tsaye, ya yi dariya.

"Daskararren nono ne. Na ga irinsa ya fi ɗari."

"Baban yara, Auta ta fi shekara da yaye."

"To sai me? Wani har shekara uku yake yi. Waɗannan 'yan matan asibitin, sun yi karatun wata tara sun zo suna tsorata mutane. Ki je can su kwance miki riga gaban maza biyar, a ƙarshe su ce ba komai."

"Ta ce in zo da kai."

"Ta koya mini me?"

Ya ninke takardar biyu, ya ƙara ninkewa, ya sake ninkewa har ta yi kauri. Ya durƙusa, ya ɗaga keken da kafaɗa, ya cusa ta ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Ya girgiza keken, bai motsa ba.

"Kin gani? Ta yi amfani. Dama ƙarar nan tana damuna."

Na yi dariya. Wannan dariyar har yau ina jin ta a kunnena.

Bayan kwana biyu ya dawo da 'yar kwalba a aljihun rigarsa. Ya jira Umma ta shiga maƙwabta hira, ya sauke gwangwaninsa, ya kira ni.

"'Yar shiru, zo ki riƙe mini auduga."

Anti tana tsaye ta jingina da bango. Ta ce, "Malamar ta ce kada a yi."

"Malamar ce za ta kwanta a ƙarƙashin wuƙa in kika yi ciki? Ni na tsaya a ƙofar ɗakin tiyata awa huɗu. Ni na ga zanin da suka fito da shi. Ba zan sake tsayawa a wurin nan ba."

"Ta ce akwai abin da ake sa wa mace a mahaifa, ba ruwansa da wannan sinadarin. Ko kuma kai ka riƙa amfani da..."

"Kul. Kada ki ƙarasa, ga yarinya a tsaye."

Ya zuƙi ruwan maganin a sirinji, ya ɗaga shi sama ya ƙyasta shi da yatsa. Hannunsa ba ya rawa, ya iya allura, wannan ba mai musa masa. Anti ta juya ta fuskanci bango. Da ya zare, na danna audugar a wurin. Ya ɗauki biro ya rubuta kwanan watan a wata takarda da ya liƙa cikin murfin gwangwanin, ya ce don kada a yi kuskuren lissafi.

Rayuwa ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Anti tana tashi ta shirya manyan 'ya'yanta, Babba da Ta-tsakiya, su tafi makaranta, ta goya Auta, ta hau keke. Yanzu keken ba ya ƙara. Ni ke share falon kullum, tsintsiyata tana bi ta gefen takardar. Gefenta da ya leƙo ya fara yin baƙi.

Kafin allura ta biyu ƙullutun ya kai girman ƙwai. Anti ta sake yi wa Yaya magana yana shan shayi da safe.

"Bari mu gama ƙidayar kaya a sito," ya ce. "Wata mai zuwa zan ɗauki hutu in kai ki da kaina."

Wata mai zuwa ya zo, gwiwoyin Umma suka tashi, ya ce ba a haɗa jinya biyu. Da Umma ta samu sauƙi ya ce an kawo sabon manaja, ba ya son ya fara da neman izini. Ya kawo mata wasu ƙwayoyi ja da baƙi, ya ce ta sha sau uku a rana har kwana goma, za su narkar da shi. Ta shanye. Ya kawo man shafawa. Ta shafa.

Wata rana da hantsi, yara suna makaranta, Umma tana ɗakinta, Anti ta kira ni da hannu.

"Ɗaga mini keken nan."

Na sa ƙarfina na ɗaga. Ta zaro takardar, ta buɗe ta a hankali don kada ta yage a wurin ninkin. Ƙafar keken ta bar mata zagayen tsatsa a tsakiya, amma rubutun yana nan, da hatimi, da kwanan wata. Ta shimfiɗa ta a cinyarta tana shafawa.

"Ki saka mayafi mu tafi yanzu," na ce. "Kafin a taso yara mun dawo."

"Babban asibiti ba a zuwa a dawo kafin azahar. In muka daɗe Umma za ta tambaya. In ta tambaya, zancen allura zai fito. Ya ce duk ranar da Umma ta ji, ni zan amsa, ba shi ba."

"To ki ce mata ƙurji ne."

"Shi kuma fa? In ya shigo ya ji keken yana ƙara?"

Muna cikin haka Umma ta ɗaga murya daga ɗaki. "Wai yau ba a ɗora tukunya a gidan nan ne? Na ji keke ya yi shiru, na ɗauka an tashi."

Anti ta dube ni. Ta bi layin ninkin da Yaya ya yi, ta ninke takardar kamar yadda take. Ta ce in ɗaga. Na ɗaga. Da hannunta ta mayar da ita.

Da na iya magana, da ranar na je na tsaya gaban Umma na faɗa mata komai. Na je har ƙofar ɗakinta. Ta ɗago ta ce, "Mene ne?" Na ce na zo ɗaukar kofi ne.

Bayan allura ta uku fatar wurin ta canza, ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar ɓawon lemo. Kan nonon ya shige ciki. Hannunta na hagu ya fara nauyi, ta daina iya ɗaga shi ta shanya labule a igiya, sai ni nake shanya mata. In za ta tsefe wa Ta-tsakiya kai, sai ta ɗora gwiwar hannun a kan matashi. Duk da haka ba ta daina tsokana ba. Ta ce mini, "Ki yi sauri ki samo miji, 'yar shiru, tun ina iya ɗinka miki labule. Amma ki nemo mai surutu, kada gidanku ya zama maƙabarta."

Umma ta lura, amma ta hanyarta. Ta ga Anti tana kwanciya da rana, sai ta fara magana da bango.

"Mu mun haifi tara, ba mu san kwanciyar rana ba. Yanzu mace da 'ya'ya uku sai ka ce ta haifi gari."

Da ta ga tabon ruwa a rigar Anti, ta ce ƙurji ne, a gasa shi da ruwan zafi. Sannan ta ƙara da cewa, "Ko dai ciki ne? Wani cikin da haka yake zuwa." Fuskarta ta yi haske. Kwana uku tana yi wa Anti sannu, har da hana ta ɗaukar bokiti. Da ta gane ba ciki ba ne, sannun ya ƙare.

Ranar allura ta biyar Anti ta ƙi juyawa. Ta zauna a bakin gado ta buɗe wa Yaya rigarta. Rabon da ya kalli wurin da rana ya daɗe.

"Dubi abin da kake kira daskararren nono," ta ce. "Don girman Allah, Baban yara, ka kai ni."

"Zan kai ki."

"Yaushe?"

"Na ce zan kai ki. Amma yanzu in na kai ki a haka, me zan ce musu? Tambaya za su yi ta yi. Bari kumburin ya sauka tukuna, na samo wani magani mai ƙarfi."

"To a bar allurar."

"In aka bari kika yi ciki a wannan halin fa? Ko za ki kwashe shimfiɗarki ki koma ɗakin Umma, ki gaya mata dalili da bakinki?"

Anti ta mayar da rigarta, ta tashi, ta fuskanci bango. Ya ce, "'Yar shiru, auduga." Na miƙa hannu na ɗauka. Sau biyar na riƙe audugar nan.

Daga nan abin ya yi sauri. Tari ya kama ta, bayanta ya riƙa ciwo. Ta daina karɓar manyan labule, sai rigunan matashi, daga baya su ma ta daina. Matan da ke kawo ɗinki suka riƙa tsayawa a ƙofa, saboda ɗakin ya fara wani wari da turare ba ya rufewa. Ni nake wanke tsummokaran da take sawa a wurin, in shanya su can bayan banɗaki inda yara ba za su gani ba.

Wata safiya ta sunkuya za ta ɗauki Auta, sai ta yi wata ƙara ta faɗi a kan gwiwoyinta. Ta kasa miƙewa. Yaya yana ɗaura takalmi zai fita aiki. Shi ya ɗauke ta a hannu kamar jaririya ya fita da ita titi yana tsayar da mota, ƙafarsa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ranar wata goma sha huɗu ke nan da rubuta takardar.

Kwana shida ana gwaje-gwaje. A rana ta bakwai likitar ta zo gadon Anti, wata mata mai furfura a gaban goshi, tana magana a hankali. Ni ina tsaye wurin ƙafafun gadon, Umma tana kan kujera, Yaya ya jingina da taga. Likitar ta ce sankarar nono ce, kuma ta bar nonon, ta shiga ƙashin baya da huhu.

"Yaushe kika fara jin ƙullutun?" ta tambayi Anti.

Yaya ya riga ta. "Wata biyu ke nan, ko uku."

Likitar ta dube shi, ta dubi Anti. Anti tana kallon silin.

"Akwai maganin da kike sha kullum? Ko allura?"

"Allurar wata uku," in ji Anti.

Umma ta gyara zama. "Wace allura?"

"Ta tazarar haihuwa, Mama," in ji likitar.

Umma ta dafe ƙirji. "Ita ta jawo mata wannan?"

"Ban ce haka ba, Mama, kuma ba wanda zai iya rantsuwa a kai. Mata da yawa suna yin ta shekara da shekaru lafiya lau, wasu ma ita ke tsare musu rai. Akwai ɗan ƙarin haɗarin wannan cutar a irin waɗannan magungunan, amma kaɗan ne. Shi ya sa ake duba mace, ake yi mata tambayoyi. Wadda aka ji wa ƙullutu a dakata a bincika. In sankara ce ba a yi mata sam, domin wata sankarar da irin wannan sinadarin take ƙara girma." Ta juya wurin Anti. "Abin da ya fi ci mini rai lokaci ne. Wannan ba ciwon wata uku ba ne. Da kin zo yana ƙarami, da wata maganar muke yi yau. A wane asibiti ake yi miki? Ban ga ma'aikaciyar da za ta ga wannan ta soka miki allura ba."

Yaya yana kallon takalminsa. Ni kuwa maganar tana kan harshena.

"A unguwa ake yi mini," in ji Anti.

Likitar ta rubuta wani abu, ba ta ƙara tambaya ba.

Suka yi abin da za su iya. Suka ba ta magungunan rage zafi, aka yi mata ƙarin ruwan magani sau biyu, jikinta ya kasa ɗauka. Bayan wata ɗaya suka ce mu koma gida da ita.

A gida labari ya riga mu isa. Umma ce ta tsara shi, kuma kowa ya zo dubiya sai ta zaunar da shi a falo ta ba shi tun daga farko.

"Ashe shekara da shekaru tana zuwa ana soka mata allurar hana haihuwa a ɓoye. Mu muna nan muna addu'a, ita tana can tana toshewa. Yaron nan bai san komai ba. Ga shi ta jawo wa kanta, ta jawo masa."

Yaya yana zaune a gefe, kansa a ƙasa. Baƙi suna ce masa, "Sannu Dakta, Allah ya ba ka ladan haƙuri." Yana amsawa da "Amin." Tsakanin falon da gadon Anti labule ne kawai, wanda ita ta ɗinka, mai furanni shuɗi.

Ba zan ce Yaya bai yi jinya ba. Shi yake juya ta in bayanta ya gaji, shi yake ba ta magani a kan lokaci. Na taɓa shiga na same shi yana yanke mata farce yana hawaye. Na ji ta ce masa, "Ka gaya wa Umma." Ya ce, "Zan gaya mata. Bari hawan jininta ya sauka." Ta rufe ido.

Wata rana da la'asar ina ba ta ruwa a cokali, Babba ta shigo da kayan makaranta a jikinta. Shekararta tara. Ta tsaya nesa da gadon, ba ta matso ba.

"Mami, wai da gaske ke kika sa wa kanki ciwon? Umma ta ce don ba kya son ki haifa mana ƙani."

Anti ta buɗe baki, tari ya sarƙe ta. Kafin ya lafa yarinyar ta fita.

Da numfashinta ya dawo ta kama hannuna. Yatsunta sun zama kamar tsinke.

"'Yar shiru, ni tawa ta ƙare, ban damu da abin da baƙi za su ce ba. Amma kada yaran nan su girma suna cewa uwarsu ta zaɓi allura ta bar su. Na nemi a kai ni. Ke shaida ce na nema."

"Na sani, Anti."

"Na san kin sani. Faɗa nake so ki yi." Ta ɗan yi murmushi. "Sau ɗaya dai a rayuwarki, ki ba bakin nan aiki."

Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu, da safe, yara sun tafi makaranta ke nan. Ina goge mata fuska da tsumma mai ɗumi na ga ta daina bin hannuna da ido.

Kwana uku bayan haka falon yana cike da mata masu gaisuwa. Yaya ya shigo gaishe su ya zauna kusa da ƙofa. Babba tana ƙasa ta jingina da ƙafar Umma. An ture keken gefe an rufe shi da zani, amma ba a ɗaga shi daga inda yake ba. Wata ƙanwar Babanmu da ta zo daga nesa ta tambayi abin da ya faru, Umma ta gyara murya ta fara. "Ashe shekara da shekaru..."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je na yaye zanin, na sa kafaɗa na ɗaga keken kamar yadda na ga Yaya ya yi, na zaro takardar. Na shiga ɗaki na sauko da gwangwanin biskit, na cire murfin. Na dawo na ajiye su biyun a kan tabarma gaban Umma.

"Wannan takardar asibiti ce," na ce. Muryata ta fito ƙarama, sai da na sake. "Wannan takardar asibiti ce. Malamar ta hana a yi mata allura, ta ce ta je a duba ta. Ga kwanan watan nan, ku duba. Yaya ne ya sa ta a ƙarƙashin keke. Wannan kuma rubutunsa ne, Umma, kin san rubutunsa. Sau biyar. A ɗakin can ya yi mata, ni na riƙe audugar. Ta roƙe shi ya kai ta, da kunnena na ji, ban ƙirga sau nawa ba."

Ƙanwar Babanmu ta ɗauki takardar ta nisanta ta da idonta tana karantawa. Umma ba ta kalli takardar ba, ɗanta take kallo.

"Dakta?"

Yaya ya ce, "Don kada ta mutu na yi, Umma. Likitoci sun ce in ta yi ciki... Ban san zai kai haka ba. Wallahi na yi niyyar kai ta."

Na ɗauka Umma kuka za ta yi. Sai ta juyo kaina.

"Ke yanzu abin da kika zaɓa ke nan? Gaban mutane? Wadda ta tafi ta tafi, kwananta ne ya ƙare. Shi da yake raye za ki tona wa asiri, ɗan'uwanki, cikinku ɗaya? Ɗauki abin nan ki mayar inda kika samo shi."

Babba ta miƙa hannu ta karɓi takardar daga wurin ƙanwar Babanmu. Ta iya karatu fiye da ni. Ta bi layukan da yatsa, ta tsallake zagayen tsatsar, ta kai ƙarshe. Ta ɗago ta kalli babanta. Ya tashi ya fita.

Yau wata biyar ke nan. Umma ba ta yi mini magana sai in aike ne. Ta daina ba da labarin allura, amma ba ta taɓa cewa ta yi wa Anti ƙazafi ba. Mutanen layi har yanzu suna ƙwanƙwasa ƙofa da zazzaɓinsu suna neman Dakta, shi kuma yakan ce a gaya musu ba ya nan. Wasu suna cewa ban kyauta ba. Ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa na yi wata goma sha huɗu ina share gefen takardar nan ban ɗauke ta ba, kuma ita ce tambayar da ta dace da ni.

Takardar tana cikin akwatina, a cikin leda. Likitar ta ce mini in yaran sun girma su riƙa zuwa ana duba su, su kuma faɗa wa duk mai duba su abin da ya kashe uwarsu. Ranar da Babba za ta fara zuwa, da ita za ta tafi a hannu.

Babba ta fara koyon ɗinki. In ta dawo daga makaranta takan hau keken uwarta, ƙafarta da ƙyar take kaiwa, tana haɗa ƙyallayen da suka rage. Keken ya koma ƙararsa ta da. Makon jiya Yaya ya shigo da wani ɗan guntun katako da ya sa aka yanko masa daidai wurin. Ya durƙusa zai ɗaga keken.

"Baba, bar shi haka," in ji Babba, ba ta tsayar da ƙafarta ba.

Ya daɗe a durƙushe da katakon a hannu. Sannan ya tashi ya koma kujerarsa ya zauna, keken yana ƙwas, ƙwas, ƙwas, har aka kira magariba.